Tafiyar Ƙasa da Matsin da ke Cikin Dutse

Gabatarwa

Ɗalibai, duk wanda ya shiga birnin Bauchi, ko ta hanyar Jos, ko ta hanyar Kano, ko ta hanyar Gombe, abin da idonsa zai fara gani shi ne duwatsu. Ga su nan a tsaitsaye kewaye da gari, wasu ma a tsakiyar gidaje, har akwai unguwar da ake kira Dutsen Tanshi. Duwatsun nan tsofaffi ne ƙwarai, domin sun kai kimanin shekara miliyan 600. A cikinsu akwai wani irin dutse mai duhun kore wanda Farfesa Mosobalaje Oyawoye na Jami'ar Ibadan ya nazarta, ya raɗa masa suna *bauchite*, wato dutsen Bauchi. Da wannan suna masana suka san shi a duniya har yau.

Idan Bahaushe ya so ya kwatanta abin da ba ya motsi, da dutse yake kwatantawa. To, a wannan darasi za ku ga cewa duwatsun Bauchi tafiya suke yi, tare da fadar sarki, da kasuwar Wunti, da dukan mutanen gari. Za ku kuma ga cewa a matse suke dare da rana. Tambayar da za mu bi diddiginta ita ce: idan mun san inda ƙasa ta dosa, shin za mu iya gane ta wace fuska ake matsa dutsen da ke ƙarƙashin ƙafafunmu? Ku karanta a tsanake, ku lura da sababbin kalmomi, domin za ku tarar da ma'anarsu a ƙarshen darasi.

Ɓawon duniya da farantansa

Duniya a mulmule take kamar ƙwallo. Daga inda kuke zaune zuwa tsakiyarta akwai nisan kilomita 6,371. Abin da muke takawa shi ne ɓawonta, kuma siriri ne idan an kwatanta shi da girmanta. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa yakan kai kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin teku kuwa kilomita 5 zuwa 10 kawai. Ɓawon yana manne da wani sashe mai tauri da ke ƙarƙashinsa, su biyun suna tafiya tare. Can ƙasa da su akwai dutse mai tsananin zafi, wanda yake malala a hankali cikin dubban shekaru, kamar yadda kakin zuma yake yi idan ya sha rana.

Wannan sashe mai tauri a farfashe yake, kamar ƙwaryar da ta tsattsage amma sakainunta ba su rabu ba. Kowane yanki ana kiransa faranti. Akwai manyan farantai bakwai, da ƙanana masu yawa. Nijeriya tana kan farantin Afirka, a ɓangarensa na yamma wanda masana suke kira farantin Nubiya.

Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener shi ne ya fito fili a shekarar 1912 ya ce nahiyoyi tafiya suke yi. Ɗaya daga cikin hujjojinsa kuna iya ganinta da idonku. Ku buɗe taswirar duniya, ku dubi gaɓar tekun Afirka ta Yamma, sannan ku dubi ƙugun ƙasar Burazil. Za ku ga sun dace da juna kamar ɓarin goro biyu. Masana da yawa sun ƙi yarda da shi a zamaninsa. Sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙarƙashin teku, aka tabbatar da maganarsa. An gano wani dogon doro na duwatsu a tsakiyar Tekun Atlantika, inda narkakken dutse yake fitowa ya daskare, ɓawo sabo ya samu, Afirka da Amurka ta Kudu su ƙara nisa da juna.

Ina Bauchi ta dosa?

A yau ba sai an yi gardama ba, domin gani ya kori ji. Ana kafa na'ura a kan dutse mai ƙarfi, ta riƙa karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS dare da rana. Bayan 'yan shekaru sai a ga yawan matsawar da wurin ya yi, har zuwa milimita. Tun daga shekarar 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi a Nijeriya. Akwai su a Zariya, da Yola, da Birnin Kebbi, da Abuja, da Legas, da Enugu. Ɗaya daga cikinsu tana garin Toro a Jihar Bauchi, a kan hanyar Jos. A nan Toro ɗin ne kuma hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, take da cibiyarta mai nazarin siffar duniya da motsinta.

Abin da tashoshin suka nuna shi ne, Nijeriya gaba ɗayanta tana tafiya zuwa arewa maso gabas, kusan santimita 3 a kowace shekara. Ku yi wannan lissafi da kanku. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen shekarar 1809. Daga lokacin zuwa yau an haura shekara 200. Idan kun ninka 200 sau 3, za ku sami santimita 600, wato mita 6. Ashe ganuwar Bauchi da ƙofofinta, Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da sauransu, sun gusa kimanin mita 6 daga inda aka gina su. Ba wanda ya ji, domin kowa da komai tare suka tafi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mene ne matsi?

Ku ɗauki lemo ku sa shi tsakanin tafin hannuwanku, ku danna. Abin da lemon yake ji a cikinsa shi muke kira matsi. Dutsen da ke cikin ƙasa yana shan matsi ta fuska uku.

Na farko daga sama yake zuwa, wato nauyin dutsen da ke bisa. Dutse ya fi ruwa nauyi kusan sau 2.7. Saboda haka, a zurfin kilomita ɗaya, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana ɗauke da nauyin kimanin tan 2,700. Sauran biyun a kwance suke, daga gefe suke zuwa. Ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kuma sun gitta juna kamar yadda layin gabas da yamma ya gitta layin kudu da arewa. Wanda ya fi ƙarfi za mu kira shi babban matsi, ɗayan kuma ƙaramin matsi. Idan masana suka ce alƙiblar matsi, layin da babban matsi ya bi suke nufi.

Ku lura da wani bambanci a nan. Tafiya tana da kai ɗaya, kamar kibiya: ko dai an nufi arewa, ko an nufi kudu. Matsi kuwa yana da kai biyu, domin hannu ɗaya ba ya matse lemo. Shi ya sa a taswira ake zana tafiya da kibiya, a zana matsi da ɗan layi. Ana cewa matsin wuri kaza ya bi layin gabas da yamma, ko layin arewa maso gabas da kudu maso yamma.

Idan matsi ya fi ƙarfin dutse, sai dutsen ya tsage, ɓangare ɗaya ya zame a jikin ɗaya. Wannan zamewa ta farat ɗaya ita ce girgizar ƙasa. Zamewar iri uku ce. Inda ake jan ƙasa ana buɗe ta, ɓangare ɗaya yakan faɗa ƙasa. Inda ake tura ta da ƙarfi, ɓangare ɗaya yakan hau kan ɗaya. Inda kuma aka matse ta a karkace, ɓangarorin sukan goga juna a kwance, ɗaya ya yi dama, ɗaya ya yi hagu.

Daga tafiya zuwa matsi

Ba zai yiwu a haƙa rami a kowane gari domin a auna matsi ba, saboda aikin yana cin kuɗi da lokaci. Sai masana suka nemi hanyar ƙiyasta shi ta lissafi. Irin wannan lissafi da ake kwaikwayon halin wani abu da shi ana kiransa samfuri. Samfurin da muke magana a kansa ya dogara ne a kan tunani ɗaya: ƙarfin da yake tura faranti ya yi tafiya, shi ne kuma yake matse shi.

Ku gwada wannan a aji. Ku shimfiɗa tabarma a ƙasa, ɗayanku ya tura ta daga baki ɗaya. Tabarmar za ta yi gaba, amma da yake ƙasa tana riƙe ta, za ta tattare ta yi tudu-tudu. Tudun za su kwanta a gicciye, matsin kuwa ya bi layin da aka tura tabarmar. Haka ake zaton faranti yake yi. Doron tsakiyar teku yana da tsawo, nauyinsa yana tura faranti daga baya. A wasu wurare kuma bakin faranti yana nutsewa cikin duniya, yana jan sauran daga gaba. Dutse mai zafi da ke ƙarƙashi yana goga cikinsa. Inda ya yi karo da wani faranti kuwa, sai a tare shi.

Saura mu san yadda ake samun kibiyar tafiya a wurin da babu tasha. A nan aka amfana da wani masanin lissafi na ƙarni na 18, mutumin ƙasar Suwizalan, mai suna Leonhard Euler. Ya nuna cewa duk abin da ya zame a bayan ƙwallo ba tare da ya canja siffa ba, kewaya wani wuri guda yake yi. Ku tuna da akuyar da aka ɗaure a turke. Duk inda ta bi, kewaya turken take yi. Kowane faranti yana da nasa turken, wanda ido ba ya gani, lissafi ne yake nuna shi. Wurin da ke kusa da turke tafiyarsa kaɗan ce. Wurin da ke nesa, har zuwa rubu'in kewayen duniya, shi ya fi sauri. Bisa ma'aunin GPS, turken farantin Nubiya yana can ƙasar Kanada, kuma farantin yana juyawa kimanin rubu'in digiri ɗaya a cikin shekara miliyan ɗaya. Bauchi tana da nisan kusan rubu'in kewayen duniya daga turken, shi ya sa take cikin wuraren da suka fi sauri a kan farantin.

Ga matakan aikin a jere:

1. A tattara sakamakon tashoshi masu yawa da ke kan faranti ɗaya.
2. A lissafa inda turken farantin yake, da saurin juyawarsa.
3. A rarraba taswira gida-gida kamar gidajen dara, a zana kibiyar tafiya a kowane gida.
4. A ɗauka cewa babban matsi ya bi layin wannan kibiya.
5. A kwatanta abin da aka samu da matsin da aka auna a cikin ƙasa.

Mataki na huɗu zato ne. Mataki na biyar shi ne yake nuna ko zaton ya yi daidai.

Yadda ake auna matsi a cikin ƙasa

Hanya ta farko ita ce sauraron girgizar ƙasa. Idan dutse ya zame, motsinsa yakan bazu ko'ina. A wasu tashoshi motsin farko yakan zo kamar turi, a wasu kuma kamar ja. Idan aka haɗa rahoton tashoshi da yawa, sai a gane yadda tsagar ta kwanta, da irin zamewar da ta yi, daga nan a gane fuskar matsi. Cibiyar Toro tana lura da tashoshin sauraron motsin ƙasa a wurare kamar Kaduna, da Ile-Ife, da Nsukka.

Hanya ta biyu ita ce duba rami mai zurfi, irin wanda ake haƙawa don neman man fetur. Ramin da aka haƙa a zagaye yake. Bayan ɗan lokaci sai bangonsa ya fara ɓantarewa a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, ramin ya koma siffar ƙwai. Ku ɗauki zoben roba ku matse shi da yatsu daga sama da ƙasa, za ku ga ya buɗe dama da hagu. Haka ramin yake yi. Idan ya yi faɗi ta kudu da arewa, to, babban matsi daga gabas da yamma yake zuwa.

Hanya ta uku ita ce a toshe wani sashe na ramin, a tura ruwa da ƙarfi har dutsen ya tsage. Sabuwar tsagar takan bi layin babban matsi, domin ta fi samun sauƙin buɗewa ta ɓangaren da matsi yake da rauni.

A shekarar 1986 masana daga ƙasashe da yawa suka fara tattara irin waɗannan awo a taswira ɗaya, ƙarƙashin jagorancin wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Mary Lou Zoback. Ana kiran aikin Taswirar Matsi ta Duniya, kuma yanzu wata cibiyar bincike da ke Potsdam a ƙasar Jamus ce take kula da shi. Fitowar shekarar 2016 tana ɗauke da awo fiye da 42,000.

Inda samfurin ya dace da inda ya kuskure

Da aka ɗora kibiyoyin tafiya a kan wannan taswira, sai aka ga abin mamaki. A tsakiya da gabashin Amurka ta Arewa, cikin faɗin dubban kilomitoci, layukan matsi sun bi hanya ɗaya, kuma sun yi kusa ƙwarai da layin tafiyar farantin. A Amurka ta Kudu ma an ga irin wannan dacewa. Wannan ya tabbatar da cewa abin da ake yi wa faranti a bakinsa yana isa har tsakiyarsa.

A Ostiraliya kuwa labari ya sha bamban. Farantinta yana tafiya wajen arewa, kimanin santimita 7 a shekara. Amma a yammacin ƙasar matsi ya bi layin gabas da yamma, a kudu maso gabashinta kuma ya bi wani layi dabam. Dalili shi ne, ana tare wannan faranti a wurare da yawa, kowanne da fuskarsa.

Afirka ma ba ta bi samfurin sau da ƙafa ba. Ku koma ga tabarmarku. A wannan karon mutum huɗu su tura ta daga ɓangarori huɗu. Za ta tattare sosai, amma da ƙyar za ta gusa, kuma ɗan gusawar da ta yi ba za ta gaya muku inda matsi ya fi ƙarfi ba. Halin da Afirka take ciki ya yi kama da wannan. Doron teku ya kewaye ta ta yamma, da kudu, da gabas. A arewa kuma tana karo da farantin Turai da Asiya, karon da ya tayar da duwatsun Atlas, inda girgizar ƙasa ta hallaka mutane kusan 3,000 a Maroko ranar 8 ga Satumba, 2023. A gabas kuwa, daga Habasha zuwa Kenya da Tanzaniya, nahiyar tana tsagewa a hankali.

Akwai kuma wata matsala. Idan kuna cikin mota, ɗan'uwanku da ke kusa da ku a zaune yake a ganinku, amma mai tsaye a bakin hanya yana ganin ku duka kuna gudu. Tafiyar faranti ma haka take: ta danganta da abin da aka auna ta da shi. Santimita 3 da muka ambata ma'aunin GPS ne. Idan aka auna da zurfin cikin duniya, Afirka tana cikin farantan da suka fi tafiyar hawainiya, kuma abin da yake tafiya a hankali haka yana da wuyar a tantance inda ya dosa. Saboda waɗannan dalilai masana suka ƙirƙiro samfura masu zurfi. Kwamfuta takan yanyanka faranti zuwa dubban gutsattsari, a sa wa kowane baki irin ƙarfin da yake sha, a ƙara nauyin tsaunuka da kaurin ɓawo, sannan a lissafa matsin kowane gutsure. Duk da haka, sai an kwatanta da awon cikin ƙasa, kuma irin wannan awo kaɗan ne a Afirka ta Yamma idan an kwatanta da Turai ko Amurka.

Tsofaffin tsagogin Nijeriya

Nijeriya tana nesa da bakin faranti, shi ya sa ba ta fama da manyan girgizar ƙasa. Amma ƙasarta tana da tsofaffin tabo. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka da Amurka ta Kudu suke rabuwa, wata tsaga ta kutso cikin ƙasa daga teku, ta nufi arewa maso gabas. Ba ta kai ga raba nahiyar ba, sai ta tsaya, yashi da laka suka cike ta. Ita ce masana suke kira Kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000. Reshensa na Gongola ya taɓo gabashin Jihar Bauchi. A yammacin ƙasar kuma akwai wata doguwar tsaga da ta bi ta Ifewara zuwa Zungeru.

Idan kun matse goro, ta inda tsagarsa take yake rabewa. Haka dutse yake: matsin yau yakan nemi tsohuwar tsaga. Ko tsagar za ta motsa ko ba za ta motsa ba, ya danganta da yadda ta kwanta. Wadda babban matsi ya faɗo mata kai tsaye a gicciye takan ƙara rufewa. Wadda ta bi layinsa takan zauna a buɗe. Wadda ya same ta a karkace ita ce ta fi saurin zamewa.

An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a shekarar 1984. An ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumba na 2016, inda bangon gidaje ya tsattsage. An kuma ji a unguwar Mpape ta Abuja a watan Satumba na 2018, har hukumomi suka dakatar da fasa dutse a yankin na ɗan lokaci. Waɗannan duka ƙanana ne. Sai dai maƙwabtanmu sun ga waɗanda suka fi su: birnin Accra na ƙasar Gana a shekarar 1939, da arewa maso yammacin ƙasar Gini a watan Disamba na 1983, inda ɗaruruwan mutane suka rasu. Su ma waɗannan ƙasashe nesa suke da bakin faranti, kamar mu.

Me ya shafi mutumin Bauchi?

Na farko, ruwan sha. Dutsen da birnin Bauchi yake zaune a kansa ba ya tsotsar ruwa kamar yashi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a inda dutsen ya ruɓe, da kuma cikin tsagoginsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake da dutse. Shi ya sa za ku ga an haƙa rijiyar burtsatse an sami ruwa, a haƙa wata kusa da ita a tashi a tutar babu, kuɗin mai gida ya tafi. Tsagogin da suka bi layin babban matsi sun fi zama a buɗe, don haka sanin wannan layi yana taimaka wa mai neman ruwa ya zaɓi tsagar da zai nufa.

Na biyu, man fetur. A shekarar 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, cikin reshen Gongola, kuma a watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Injiniyan da yake haƙa rami mai zurfin kilomitoci yana bukatar sanin matsi, don kada bangon ramin ya rufta ya riƙe kayan aiki. Kowane rami irin wannan kuma wata dama ce ta auna matsin ƙasarmu.

Na uku, manyan gine-gine. Madatsar ruwa irin ta Gubi, wadda take shayar da birnin Bauchi, da gadoji, da dogayen benaye, ana gina su ne domin su daɗe. Kafin a kafa irinsu ya kamata a san tsagogin da ke kusa, a kuma san ko matsi ya same su a karkace. Rigakafi ya fi magani.

Ku riƙe wannan da kyau: samfurin matsi ba ya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Har yau babu wani masani da ya iya faɗin rana da sa'a. Abin da samfurin yake nunawa shi ne tsagogin da suka fi cancanta a sa musu ido. Saboda haka, idan kuka ga saƙo a waya yana cewa za a yi girgizar ƙasa gobe da dare, kada ku yaɗa shi.

Kammalawa

Mun ga cewa tafiyar faranti tana ba da ƙiyasin farko na alƙiblar matsi. Ƙiyasin yakan dace a farantin da ake turawa ta fuska ɗaya, yakan kuskure a wanda ake matsa ta fuskoki da yawa, irin namu. Don haka lissafi da awo tare suke tafiya. Ana koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da wasu jami'o'in ƙasar nan. Taswirar matsi ta Afirka ta Yamma tana da gurabe masu yawa da ba a cike ba, kuma mai yiwuwa ne a cikinku akwai wanda zai cike wasu.

Ma'anar wasu kalmomi

- ɓawo: fatar waje mai tauri, kamar ta gyaɗa ko ta itace
- sakaina: gutsuren fasasshiyar ƙwarya
- doro: tudu mai tsawo, kamar bayan raƙumi
- alƙibla: fuskar da abu ya nufa
- turke: icen da ake kafawa a ƙasa a ɗaure dabba
- tsaga: wurin da abu mai tauri ya rabe
- samfuri: abin da aka tsara don kwaikwayon wani abu
- rubu'i: kashi ɗaya cikin huɗu
- a gicciye: a kwance ta yadda ya gitta wani abu

Tambayoyi

1. A kan wane faranti Nijeriya take, kuma ina ta dosa bisa ma'aunin GPS?
2. Me ya sa ake zana tafiya da kibiya, a zana matsi da layi?
3. Idan ramin mai ya yi faɗi ta gabas da yamma, ta wane layi babban matsi ya bi?
4. Ku bayyana misalin tabarma da kalmominku, ku nuna yadda ya shafi Afirka.
5. Ku lissafa nisan da makarantarku ta gusa tun daga shekarar da aka kafa ta.
6. Ku fitar da karin magana uku daga cikin darasin, ku sa kowanne a cikin jimla taku.